Yadda za ka sauke giyabos ka canza kulocin babur da kanka a gida

Kafin ka ɗauki sifana ko ɗaya, fara tabbatarwa babur ɗinka yana cikin waɗanda sai an sauke musu giyabos kafin a kai ga kuloci. Yawancin baburan da ke yawo a duniya ba sa buƙatar wannan wahalar sam, kulocinsu faifai ne da yawa a jere suna wanka a cikin baƙin mai, yana gefen inji, ka juye mai ka cire murfin gefe shikenan ga shi nan yana kallonka. In naka irin wannan ne to barka, aikinka na yamma ɗaya ne. Waɗanda nake magana a kansu su ne masu busasshen kuloci irin na mota, wanda ke zaune a tsakanin bayan inji da gaban giyabos, kuma babu wata ƙofa ta isa gare shi sai ka janye giyabos ɗin baya. Irin su BMW masu silinda biyu da suka leƙo hagu da dama, tun tsofaffin da iska ke sanyaya su kamar R75/5, R80 da R100, zuwa R1100 da R1150 da R1200 na kafin 2013, sai K75 da K100, sai Moto Guzzi, sai Ural da Dnepr. A 2013 ne BMW ta fito da sabon injin R1200GS mai sanyayawa da ruwa ta mayar da kulocin gaba cikin mai, wannan kam ba ya cikin lissafinmu.

Zan fi tsayawa a kan tsofaffin BMW masu sanyin iska ɗin nan saboda su ne mafi sauƙin fahimta, in ka gane nasu sauran duk ƙari ne a kai. Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu shi ne, canza faifan kuloci kansa ba wani dogon aiki ba ne, hanyar zuwa wajensa ita ce aikin. To tunda za ka sha wannan doguwar hanya, kar ka shiga ka canza faifai kawai ka fito. Nemo abin da ya kashe tsohon, in ba haka ba shi zai kashe sabon ma.

Da farko ma, ka tabbata kulocin ne. Mutane da yawa sun wargaza rabin babur alhali kebul ne kawai ya ɗaure da yawa. Taɓa libar kuloci a hannu, ya kamata a samu ɗan wasa kamar milimita 2 kafin ka ji ta fara ja, in babu wannan wasan to kulocin kullum a ɗan sake yake, dole ya riƙa zamewa. Saita shi ka hau ka gwada. Gwajin kuma mai sauƙi ne, ka sa giya ta sama kana tafiya a hankali sai ka buɗe totur sosai, in ka ji inji ya ɗau ƙara amma gudun bai ƙaru daidai da ƙarar ba, kuloci na zamewa. Wani kuma ba zamewa yake ba, karkarwa yake in za ka tashi, ko ya ƙi saki gaba ɗaya giya ta riƙa shiga da ƙara, firi ya yi wuyar samu. Daga nan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin inda inji da giyabos suka haɗu, akwai ɗan dandamali a wajen, in ka ga mai ya taru to sil ne ya saki, wato zoben robar da ke tare mai kar ya fito. Shinshina shi. Man giya yana da warin kibiritu mai hawa kai, baƙin man inji ba shi da wannan warin, da hancinka kaɗai za ka san wane ɓangare ne ke yoyo tun kafin ka buɗe.

Kayan aiki ba wasu na a zo a gani ba ne amma akwai waɗanda ba a yi sai da su. Littafin gyara na ainihin samfurin babur ɗinka shi ne na ɗaya, dan Allah kar ka fara babu shi, domin ƙarfin ɗaurin kowane noti yana ciki kuma yana bambanta daga shekara zuwa shekara. Sai sifana mai auna ƙarfin ɗauri, soket da alanki, soket lamba 27 mai siririn baki na notunan hannun tayar baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayar a jikin firam, don mai kaurin baki ba ya shiga ramin firam ɗin, sai ring sifana lamba 10 mai kusurwa 12 na notunan farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayar baya, ƙarfen saita faifai a tsakiya, gudumar roba, kalifa ta auna kauri, igiya mai ƙarfi ko bel ɗin ɗaure kaya, jak ƙarami da guntayen katako. Kayan canji kuma ka tanade su kafin ranar, kar ka buɗe babur ka bar shi a warwatse kana jiran kaya, a nan ne notuna ke ɓacewa kai ma ka manta yadda abubuwa suke. Faifan kuloci, sifirin ɗinsa, furesha filet, wato ƙarfen da ke danne faifan, da murfinsa in nasu ya ci, sababbin notunan kuloci da na farfela da na fulawil, wato babban faifan ƙarfe na bayan inji da kulocin ke ɗaure a jikinsa, sil ɗin bayan inji, sil ɗin gaban giyabos, man giya GL5 80W90 wanda giyabos mai giya 5 ke shan kusan lita 0.8, da giris mai moli, wato mai sinadarin molybdenum, na haƙoran shaf ɗin gaban giyabos.

Kafe babur a kan babbar ƙafar tsakiya a ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangara, sannan ka ɗaure ƙafar da igiya zuwa tayar gaba. Wannan ɗaurin kar ka raina shi wallahi, saboda za ka riƙa ja da turawa, kuma da ka cire tayar baya nauyin babur ya canza, ƙafar tana iya naɗewa ya faɗo maka kana durƙushe a gefensa. Ɗaure libar birkin gaba ita ma, ka sa katako a ƙarƙashin inji. Ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki kafin ka kwance, musamman yadda wayoyi da kebul suka bi, kuma notunan kowane ɓangare ka zuba su a leda daban ka rubuta sunansu a jiki.

Cire wayar batir, ta nagatif tukuna, ka fitar da batir ɗin da gidansa. Sit da tanki su sauka. Juye man giya tun giyabos na jikin babur, ya fi sauƙi, kuma ka duba maganaɗisun da ke jikin notin juyewar, laushin garin ƙarfe kamar toka ba komai ba ne, amma in ka murza a yatsa ka ji ɓarɓashi masu kaifi to giyabos ɗin kansa yana da magana, gara a duba shi tunda zai sauka. Masu shokazoba biyu akwai ɗan mai a cikin hannun da farfela ke ciki, shi ma juye shi. Sai bututan iska da suka haɗa kafireta da gidan filta, da gidan filtar kansa wanda ke zaune a saman giyabos. Ni na fi son a cire kafiretar hagu gaba ɗaya a rataye ta gefe saboda ta hagun giyabos zai fito, ana buƙatar fili. Cire kebul ɗin kuloci da hannun kuloci da ke bayan giyabos, cire kebul ɗin sifidomita, notin da ke riƙe shi mai rami ne a tsakiya ta nan giyabos ke numfashi kuma ba ya son ƙarfi ko kaɗan, sai wayoyin suwic ɗin firi da ke can ƙasa, waɗannan su ake yawan mantawa sai an ja giyabos a ji abu ya tsinke.

Notunan farfela guda 4 kuwa, kwance su tun tayar baya na nan. Janye robar da ta rufe haɗin, ka taka birkin baya don kar ya juya, ka kwance ɗaya, ka saki birki ka juya taya na gaba ya zo saiti, haka har su ƙare. Cusa tsumma a ƙasan wajen don in ɗaya ya suɓuce kar ya gangara cikin hannun farfela. Tabbatar sifanar ta zauna sosai kafin ka ja, in kan notin nan ya cinye a wannan matsatsin wajen za ka gane kurenka. Bayan nan sai taya ta fita, a kwance shokazoba da sandar birki, a cire murafan roba na gefen firam, a sassauta manyan notuna lamba 27 ɗin, a zare fil biyu da hannun ke juyawa a kansu, a ja hannun baya. Wasu cire shi suke gaba ɗaya, wasu su ja shi baya su ɗaure. In ka tambaye ni cire shi, ka samu damar wanke bairin ɗinsa ka sa musu giris.

Yanzu giyabos ya rage a jikin inji da ɗauri 4. Tsayinsu ba ɗaya ba ne, ka lura wanne ya fito daga ina. Kwance su, ka tallafe shi, ka ja shi baya a miƙe. A miƙe na ce, ba a karkace ba, har sai shaf ɗin gaba ya fita daga cikin faifan kuloci kuma sandar da ke tura kuloci ta kuɓuta, domin in ka bar nauyinsa ya rataya a kan shaf ɗin za ka lanƙwasa sandar ko cibiyar faifan. In ya liƙe ɗan bubbuga shi da gudumar roba, kar ka cusa sukundireba a tsakanin fuskokin kana ɓanɓara, alminiyom ne zai yi tabo. Da ya kuɓuta sai ka juya shi a hankali ka zaro shi ta hagu. Ba shi da nauyin da zai gagari mutum ɗaya amma in akwai mai kama maka ya fi, ko don kar ka kankare fentin firam.

Ga kuloci nan a gabanka. Baƙar ƙurar da za ka gani kar ka hura ta da baki ko da iskar kwamfiresa, tsofaffin faifai suna iya ƙunsar asbestos kuma yana illa ga huhu, fesa maganin wanke birki ka goge da tsumma, ka sa takunkumi. Kafin ka kwance komai sa alama da fenti a kan fulawil da furesha filet da murfi yadda suke a jere, in har za ka mayar da wasu daga cikinsu. Kulle fulawil da ɗan faffaɗan ƙarfe don kar ya juya. Notuna 6 ne ke riƙe da kulocin, kuma a nan shekarar babur ɗinka tana da muhimmanci. Na kafin 1981 masu fulawil mai nauyi, sifirin ɗinsu yana danne da ƙarfi sosai kuma notunan gajeru ne, za su ƙare tun sifirin bai gama saki ba, saboda haka sai ka cire guda 3 kana tsallake ɗaya, ka sa dogayen notuna masu wani noti a jiki a madadinsu ka ɗaure, sannan ka cire sauran ukun, sai ka riƙa sassauta na jikin dogayen kaɗan kaɗan bi da bi har matsin ya ƙare. Daga 1981 aka sauya tsarin aka rage nauyin, waɗannan kana sassauta su da kaɗan kaɗan a zagaye ya wadatar. Tare hannu a ƙasa don kar faifan ya faɗo, kuma ka kalli wane gefen cibiyarsa ne ke fuskantar giya kafin ka ajiye shi.

To zauna ka karanta abin da ka ciro, wannan wajen shi ne ya cancanci lokacinka. Auna kaurin faifan, a irin waɗannan BMW sabo yana kusan milimita 6 kuma in ya sauko wajen 4.5 ya gama aiki. In ya siraɗe kuma a bushe yake, tsufa ne kawai, alhamdulillahi. In kuwa da sauran kaurinsa amma ya jiƙe da mai yana sheƙi, to ba shi ne mai laifi ba, kuma kar ka ce za ka wanke shi da fetur ka mayar, man ya riga ya shige cikinsa, da ya ɗau zafi zai sake tsattsafowa. Dubi fuskar furesha filet da ta murfi, in akwai shuɗin ƙuna ko tsagewa ko zurfin da farce ke kamawa, canza su. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan fuskar ka duba ko haske na wucewa ta ƙasa, domin da tsufa suna lotsawa su zama kamar faranti, sabon faifai a tsakanin lotsattsun ƙarafa gefensa kawai zai riƙa kamawa ya cinye da wuri. Sifirin ɗin kuwa ni dai ban ga dalilin mayar da tsoho ba, zafi da shekaru suna cinye masa ƙarfi ba tare da ido ya gani ba, kuma kuɗinsa bai kai wahalar sake sauke giyabos ba.

Sai haƙoran shaf ɗin gaban giyabos, waɗanda cibiyar faifan ke zamewa a kansu. Wanke su tas da buroshi ka haska fitila. Lafiyayyu samansu a faffaɗe yake, in sun zama masu tsini ko sun sirance to sun ci, kuma ranar da suka ƙarasa cinyewa inji zai yi ta juyawa babur na tsaye cak. Wannan gyaran sai an buɗe giyabos an canza shaf, ba aikin gida ba ne ga yawancin mutane, kai wa wanda ya saba.

Maganar yoyo. Mai yana zuwa wa kuloci ta hanya uku ko huɗu, sil ɗin bayan karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, robar murfin famfon mai wanda shi ma yana ɓoye a bayan fulawil, sil ɗin shaf ɗin giyabos, ko ta ramin da sandar tura kuloci ke bi. Na giyabos mai sauƙi ne tunda yana ƙasa a gabanka, ka zaro tsohon ba tare da ka karce shaf ba ka buga sabon a daidai. Na inji sai fulawil ya fita, kuma a nan akwai gargaɗin da nake roƙonka da girman Allah kar ka tsallake. A tsofaffin injinan nan fulawil ne ke hana karanshaf matsawa gaba, da ka cire shi karanshaf yana iya zamewa gaba kaɗan, akwai wata washa a ciki da ke rataye a kan ƙananan fil biyu, sai ta faɗo daga mazauninta, kai kuma ba ka sani ba ka ɗaure fulawil a kanta ka murƙushe ta, inji ya ƙi juyawa, aikin kuloci ya koma aikin buɗe inji gaba ɗaya. Rigakafin ba ya cin minti goma. Buɗe murfin gaban inji, batir dama a cire yake, ka sa ɗan guntun katako ko roba mai tauri a tsakanin notin tsakiyar altaneta da murfin, ka mayar da murfin ka ɗaure a hankali har ya ɗan danne shi. Shikenan karanshaf ba shi da inda zai je. Kuma ka bar shi a haka har sai fulawil ya koma an ɗaure.

Kafin ka kwance notunan fulawil guda 5, juya inji har alamar OT da ke jikin fulawil ta bayyana a ɗan ramin duba tayimin da ke gefe, ka sa fenti a fulawil da bakin karanshaf. Ramukan suna ba shi damar shiga ta fuska fiye da ɗaya, in ka mayar da shi a karkace duk alamomin tayimin sun tashi daga aiki. Canza sil ɗin yadda littafi ya ce, sababbin sil na Teflon suna da nasu tsarin sakawa da zurfin da ake so, bi takardarsu. Canza robar famfon mai. Mayar da fulawil da sababbin notuna ka ɗaure da sifanar awo, sannan ka cire katakon gaban ka juya inji da hannu ka ji yana tafiya sumul. In ka duba ka ga wajen a bushe ƙayau kuma sil ɗin bai daɗe ba, kana iya barin fulawil a inda yake, ba dole ba ne.

Haɗawa. Wanke hannunka, ka goge fuskokin sababbin ƙarafan da maganin wanke birki saboda suna zuwa da ɗan mai na hana tsatsa. Sababbin kaya na 1981 zuwa sama in suna da ɗigon fenti na alamar nauyi daga kamfani, ana raba alamomin ne nesa da juna kusan digiri 120, ba a tara su waje ɗaya, in an tara su babur zai riƙa girgiza. Sifirin ya shiga, furesha filet, faifai da gefensa na daidai, murfi, ka kama notunan da hannu kawai. Sai ka zura ƙarfen saitawa ta tsakiyar faifan, ya zauna daram a tsakiya, sannan ka fara ɗaurewa kaɗan kaɗan kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa kishiyarsa har ka kai awon littafi. Ƙarfen ya kamata ya zaro ba gardama, in yana kamawa sassauta ka sake. Wanda bai da ƙarfen yana iya barin notunan a ɗan sake ya gwada da giyabos ɗin kansa ya saita faifan sannan ya janye shi a hankali ya ɗaure, yana yi amma akwai ɗaukar nauyi sau biyu.

Giris na haƙoran shaf, a nan mutane ke wuce gona da iri. Shafa shi siriri da ƙaramin buroshi a kan haƙoran shaf ɗin giyabos kaɗai, ya shiga cikin kwarin haƙoran, ka goge abin da ya yi yawa. Kar ka cusa shi cikin cibiyar faifan, saboda in shaf ya shigo zai turo shi gaba, inji na juyawa ya watsa shi kan fuskar sabon kulocin da ka sha wahala a kansa. Kuma ba kowane giris ba, mai moli da yawa mai danƙo ake so ko irin Staburags NBU 30 PTM, na bairin ɗin taya narkewa zai yi ya gudu. Ɗan ɗigo a kan bakin sandar turawa ma ya isa.

Sa giyabos a giya kafin ka ɗaga shi, don ka samu damar juya shaf ɗin gaba ta hanyar juya na baya. Shigo da shi ta hagu yadda ya fita, daidaita shi da inji, tura a miƙe kana ɗan jujjuya na bayan har ka ji haƙora sun faɗa cikin juna. In komai daidai ne da hannu zai tafi har fuskokin su haɗu, za ka ji ɗan ƙwas. In ya tsaya saura tazarar yatsa ya ƙi ƙarasawa, dakata. Zuciya za ta ce maka sa notuna ka jawo shi da su, ai kaɗan ya rage, kar ka saurare ta, sauri ya haifi nawa. Abin da ya hana shi shiga ko faifai bai zauna tsakiya ba, ko haƙora ba su haɗu ba, ko sandar turawa ta kauce, ko wata waya ta maƙale a tsakani, kuma noti yana da ƙarfin da zai lanƙwasa faifan ko ya fasa kunnen giyabos ba tare da ka ji komai a hannunka ba. Janye shi ka duba ka sake. Sai ya zauna da kansa sannan notuna su shiga. Nan take kuma mayar da hannun kuloci da kebul ka gwada, ja liba ka juya shaf ɗin baya da hannu yana cikin giya, in ya juya to kuloci na saki, in ka saki liba ya kama. Gara ka gano matsala yanzu da ka gano ta bayan ka mayar da taya da tanki.

Sauran duk komawa ne ta hanyar da ka zo, sai abu biyu da ke son nutsuwa. Hannun tayar baya dole ya zauna a tsakiyar firam, ka auna tazarar hagu da dama da kalifa su zo ɗaya, bambancin kar ya wuce rabin milimita, kana sassauta fil ɗin wannan gefe kana ɗaure na wancan har su daidaita, sannan ka ba bairin ɗin matsin da littafi ya faɗa ka kulle da manyan notunan. Notunan farfela kuma sababbi, zarensu a bushe ba mai, da ɗigon maganin kulle zare, a ɗaure sosai, in ɗayansu ya kwance a kan hanya ɓarnar ba kaɗan ba ce. Robar haɗin ta zauna da kyau kar ruwa ya samu hanya. Zuba man giya, zuba na farfela in naka mai mai ne, kar ka manta, da gaske ana mantawa.

Masu R1100 da R1150 da R1200 na farko, tsarin ɗaya ne amma hanyar ta fi tsawo, sitata sai ta fita, kuma bayan firam ɗin gaba ɗaya ake kwancewa a ɗaga shi sama a rataye kafin giyabos ya samu hanya. Samo dogayen notuna biyu ka yanke kawunansu ka ɗaura a jikin inji, giyabos ya zame a kansu wajen fita da shiga, suna taimakawa ƙwarai. R1150 da R1200 da matsin mai liba ke tura kulocinsu ba da kebul ba, kuma ƙaramar silindar da ke bayan giyabos in ta fara yoyo man yana bin sandar turawa har kan faifai, to duba ta, in da alamar jiƙa canza ta. Ka kuma kula R1150 man birki DOT 4 yake sha a kuloci, yawancin R1200 kuwa wani man daban ne na minaral, ba a haɗa su, abin da aka rubuta a murfin shi za ka zuba. Manyan Moto Guzzi faifai biyu ne da wani ƙarfe a tsakaninsu da ƙananan sifirin a cikin fulawil, suna buƙatar abin da zai danne su a saita haƙoran duka biyun lokaci guda, kuma a yawancinsu firam ake ɗagawa daga baya a bar inji a kan katako. Ural ma faifai biyu ne.

Saitin kebul a tsofaffin BMW daga 1981, ana fara daidaita na hannu har tsawon kebul ɗin da ya fito tsakanin mazauninsa a jikin giyabos da bakin hannun kuloci ya kai kusan milimita 201, sannan a koma notin saiti na bayan giyabos a samar da wasan milimita 2 ɗin nan a liba, a kulle. Tada inji a firi ka saurara, ja liba ka saki sau da yawa, sa giya ta ɗaya kana riƙe da birki ka ji ko yana jan gaba alhali liba na ciki. Fitar farko yi ta kusa da gida, ka tashi a hankali, kar ka yi ta riƙe rabin kuloci kuma kar ka fizge shi na 'yan ɗaruruwan kilomita na farko har fuskokin su saba da juna, ɗan wari kaɗan a farko ba abin damuwa ba ne. Bayan ka dawo inji ya huce, sake bin notunan taya da shokazoba da birki, leƙa dandamalin nan na ƙarƙashi ko akwai sabon ɗigon mai, sannan ka riƙa taɓa wasan liba a makonnin farko, saboda yayin da sabon faifai ke zama wasan raguwa yake yi, da ka ji ya yi ƙasa da milimita 2 sai ka koma notin bayan giyabos ka ƙara masa.